Kibiyar Ƙasa a Filin Ajiye Motoci

Kibiyar ƙasa alama ce da ake zanawa da fenti ko narkakkiyar roba a kan kwalta ko kankare domin nuna wa direba inda zai nufa. A filayen ajiye motoci na manyan kantuna, bankuna, otal-otal da gidajen mai, ita ke raba ƙofar shiga da ta fita, ta bambanta lungun da ake bi hannu ɗaya da wanda ake bi hannu biyu, ta kuma nuna inda za a sha kwana. Galibi fara ce. Daga manyan tituna aka aro siffarta, sai dai matsayinta a doka da yadda ake shimfiɗa ta ba ɗaya suke da na titi ba.

Asali

Zanen titi ya girmi zanen fili. A shekarar 1911 aka ja layi a tsakiyar wani titi a gundumar Wayne ta jihar Michigan a Amurka, bisa shawarar Edward Hines, kuma ana ɗaukar wannan layi cikin na farko-farko a duniya. A 1935 aka fitar da kundin alamomin hanya na Amurka, wanda aka fi sani da MUTCD. Daga 1971 hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar ƙasar ke kula da shi, kuma bugu na 11 ya fito a watan Disamba na 2023. Ƙasashen Turai da wasu da dama suna bin yarjejeniyar birnin Biyana (Vienna) ta 1968 kan alamomin hanya, wadda ta ce zanen ƙasa ya kasance fari ko rawaya.

Ba a ji buƙatar kibiya a cikin fili sosai ba sai da kasuwanci ya bi mota zuwa bayan gari. Rukunin kantuna na Country Club Plaza a birnin Kansas, wanda aka buɗe a 1923, an tsara shi ne da masu zuwa a mota a rai. Cibiyar kasuwanci ta Southdale a jihar Minnesota, wadda Victor Gruen ya zana aka buɗe a 1956, tana da gurbin mota sama da 5,000. Fili irin wannan ya fi ƙarfin maigadi mai ɗaga hannu, dole ƙasa ta yi wa direba bayani.

Siffa da girma

Iri uku aka fi gani: kibiya miƙaƙƙiya, kibiyar kwana zuwa dama ko hagu, da haɗaɗɗiya mai kai biyu wadda ke cewa a miƙe ko a juya. A ma'aunin MUTCD, miƙaƙƙiyar tana da tsawon ƙafa 9.5, wato kusan mita 2.9, ta kwana ƙafa 8, haɗaɗɗiyar kuma ƙafa 12.75. Kundin ya yarda a rage kusan kashi ɗaya cikin uku a inda ba a gudu. A Birtaniya kibiyoyin titi sun fi haka tsawo, mita 4 ko 6 gwargwadon gudun da ake yi a hanyar. A cikin filin kanti, inda mota ke tafiya kaɗan-kaɗan, sau da yawa ba sa wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Wanda ya tsaya a kan kibiya zai ga kamar an ja ta ta yi tsawo fiye da kima. Da gangan ne. Idon direban ƙaramar mota bai fi mita 1.1 daga ƙasa ba, saboda haka a kwance yake hango zanen, tsawonsa kuma ya taƙaita. Kibiya mai mita 2.9, idan aka hango ta daga nisan mita 10, tsayinta a ido bai wuce na abu mai santimita 25 da aka tsayar a wurin ba. Daga mita 30 kuwa ya koma kusan santimita 10, alhali faɗin kan kibiyar, kusan mita guda, yana nan yadda yake. Shi ya sa 'yar gajeriyar kibiya da ta yi kyau a takardar mai zane take komawa ɗigon fari kawai ga mai sitiyari.

Game da launi, a titunan Amurka fari ne na kibiya, rawaya kuma na raba motocin da ke fuskantar juna. Amma a kan kankare mai haske farin fenti ɓacewa yake yi da rana tsaka, don haka masu fili kan yi amfani da rawaya, ko su fara shimfiɗa baƙi sannan su ɗora farar kibiya a kai.

Tsarin fili ne ke yanke hukunci

Kibiya ba ita ke ƙirƙiro alkibla ba, sanar da ita kawai take yi. Abin da ke yanke inda mota za ta bi shi ne yadda aka jera gurabe. A Amurka gurbi ɗaya yakan kasance ƙafa 9 a faɗi, 18 a tsawo, kusan mita 2.7 da 5.5 ke nan. Idan an jera gurabe a miƙe, wato digiri 90, lungun da ke tsakaninsu yana buƙatar kusan ƙafa 24, mita 7.3, domin mota ta samu wurin karya kwana ta shiga ta kuma yi ribas ta fito. Wannan faɗi ya ishi motoci biyu su wuce juna, shi ya sa irin wannan lungu yakan zama hannu biyu, da kibiyoyi biyu masu saɓa wa juna a bakinsa. A Birtaniya an saba da gurbi mai mita 2.4 da 4.8, lungu kuma mita 6.

Idan an karkata gurabe, lissafi ya canja. A digiri 60 lungu mai kusan mita 5.5 ya wadatar, a digiri 45 kuwa kusan mita 4. Shiga ta fi sauƙi, amma ga wanda ya zo daga ɓangaren da ya dace kaɗai. Wanda ya shigo ta baya zai tarar duk gurabe sun juya masa ƙeya, sai ya yi ta gaba da baya kafin ya shiga, ga kuma wata mota ta tunkaro shi a lungun da ba ya ɗaukar biyu. A nan kibiya ta zama dole.

Akasin haka shi ne abin da ake yawan gani ya ci tura: lungu mai faɗi, gurabe a miƙe, sannan a zana kibiyar hannu ɗaya. Direba ya hango gurbi babu kowa, ya ga hanya ta ishe shi, sai ya yi wanwe abinsa. Laifin mai tsarawa ne kafin ya zama na direba, domin fenti ba ya iya gardama da abin da faɗin hanya ke faɗa.

Hannun tuƙi ma yana da ta cewa. Inda ake bin dama, zagayen da ya saɓa wa tafiyar hannun agogo shi ke hana mai shiga da mai fita gitta juna a ƙofa, kamar dai yadda ake zaga shataletale. Inda ake bin hagu, irin su Birtaniya da Afirka ta Kudu, abin a juye yake. Najeriya ta koma hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, Gana kuma a 1974, saboda haka taswirar fili da aka kwafo daga waɗancan ƙasashe sai an juya ta, kibiya da karkatar gurabe duka.

Inda ake zana ta

A inda direba zai yanke shawara ake sa kibiya: ƙofar shiga da ta fita, bakin kowane lungu, mahaɗa, layin tagar sayen abinci daga cikin mota, da gangaren bene mai hawa-hawa. Mafi amfaninsu ita ce ta ƙarshen lungun hannu ɗaya, wadda ke nuno kan mai shirin shiga ta inda ba a shiga. A lungu mai tsawo ana maimaita ta a tsakiya saboda wanda ya fito daga kanti ya manta ta ina ya shigo. Ana zana ta a tsakiyar hanya, tsakanin sawun tayoyi, don kada ta goge da wuri. Da yake motar gaba, ruwan sama ko ƙura na iya rufe ta, a kan haɗa ta da allo a tsaye a wurare masu haɗari.

Kayan aiki

Mafi araha shi ne fentin hanya mai haɗin ruwa. Ana share wurin a busar da shi, a buga layi da igiya mai alli don samun tsakiya, a shimfiɗa faifan roba da aka huda siffar kibiya a jikinsa, sannan a fesa. Kaurin fentin tun yana ɗanye bai kai rabin milimita ba. Kafin ya bushe ana barbaɗa ƙananan duwatsun gilashi masu kama da sukari, su ne ke mayar da hasken fitilar mota zuwa idon direba da dare. Cikin 'yan mintoci yake shan iska, amma a fili mai zirga-zirga bai cika wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba, musamman a kwana, inda taya ke murzawa.

Narkakkiyar roba ta fi ƙarko. Ana dafa ta zuwa kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, a zuba ta da kaurin milimita 2 zuwa 3, kuma takan yi shekaru da dama. Akwai wadda ke zuwa a yanke da siffar kibiya, a shimfiɗa ta gunduwa-gunduwa a ƙasa, a bi ta da wutar gas har ta narke ta kama. Ta fi riƙe kwalta. A kan kankare sai an fara shafa abin da zai manna ta. Danshi shi ne babban abokin gabarta, idan ƙasa ba ta bushe sarai ba sai ta yi ƙuraje ta ɓare. Kibiya babba tana santsi idan ta jiƙe, kuma a fili mutane ke takawa da ƙafa, shi ya sa ake gauraya mata tsakuwa mai kaushi.

Goge tsohuwar kibiya ya fi zana sabuwa wuya. Idan aka rufe ta da baƙin fenti, da dare ko bayan ruwa sai baƙin ya yi ƙyalli, tsohuwar siffa ta bayyana tana nuna wata alkibla dabam. Kankarewa da inji ko wankewa da ruwa mai tsananin ƙarfi sun fi, ko da yake su ma sukan bar tabo.

Matsayinta a doka

Dokar tarayyar Amurka ta sa MUTCD ya hau kan hanyoyin da jama'a ke bi ko da na masu zaman kansu ne, amma ta cire wuraren fakin da lungunan da ke cikinsu. Abin da ke tilasta wa mai fili zana kibiya galibi ƙa'idojin gini ne na ƙaramar hukuma, a lokacin amincewa da taswira. Ko ɗan sanda zai iya cin tarar wanda ya saɓa mata, wannan ya danganta da jiha. Inda take da nauyi sosai shi ne bayan an yi karo: kamfanonin inshora suna duba wa ya bi kibiya wa ya saɓa kafin su raba laifi, mai filin da ya bar tasa ta dushe kuma ana iya jawo shi cikin ƙarar. A Birtaniya, dokar zirga-zirga ta 1988 ta hukunta tuƙin ganganci a kan hanya ko wani wurin jama'a, kuma filin babban kanti a lokacin da yake buɗe yana shiga ciki.