Wa ke da izinin shiga? Tambayoyi kan fayilolin shiga da rukunoni a Linux

A ɗakin kwamfutar da nake koyar da matasa Linux a nan Jos, wajen Farin Gada, akwai tambayoyin da kowane sabon aji sai ya yi mini. Ga su da amsoshin da nake bayarwa.

Malam, idan na rubuta suna da kalmar sirri a baƙin allon nan, ina kwamfuta take dubawa?

Wani ƙaramin shiri mai suna getty ne ke gadin ƙofar. Ka danna Ctrl da Alt da F3, shi ne zai tarbe ka. Yana karɓar sunanka ya miƙa wa shirin login, shi kuma ya buɗe /etc/passwd. Kowane mutum yana da layi ɗaya a ciki, mai gida 7 da ɗigo biyu ke raba su: suna, harafin x, lambar mutum, lambar rukuninsa, bayani, foldarsa ta gida, sai shirin da zai riƙa karɓar umarninsa. Wannan x ɗin yana nufin kalmar sirrin tana /etc/shadow, fayil ɗin da ba kowa ke iya karantawa ba, kuma a can ma a dagule take.

To root fa, me ya sa ya fi kowa?

Root shi ne asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfutar, kuma lambarsa 0 ce. Kwamfuta lamba take kallo, suna don mu ne kawai. A Debian da Ubuntu, nau'o'in Linux biyu, mutum na farko yakan samu 1000. Duk ranar da ka ga wani layi daban mai ɗauke da 0 a gidan lambar mutum, ka bar komai ka bincika.

Na haɗa Arduino amma kwamfuta ta ce ba ni da izini. Me ya haɗa wannan da rukuni?

Ƙofar da Arduino, ƙaramin allon lantarkin nan da ake ɗora wa shiri, ke magana ta cikinta, wato /dev/ttyACM0 ko /dev/ttyUSB0, mallakar rukunin dialout ce a Ubuntu. Rukunoni suna cikin /etc/group, layi mai gida 4: suna, kalmar sirri, lamba, da jerin mambobi. Sai a rubuta sudo usermod -aG dialout da sunanka; sudo shi ke ba umarni ikon root. Daga nan ka fita ka sake shiga, domin a lokacin shiga ne ake ɗora maka rukunoninka. Umarnin id zai nuna maka ko ya zauna.

Wannan -a ɗin dole ne?

Dole ne, kuma a nan nake so kowa ya natsu. Da -a, ƙara ka ake yi a sabon rukuni. Babu shi, sai a share duk sauran rukunonin da kake ciki a bar ka da wanda ka ambata da rukuninka na asali kaɗai. Na ga wani ɗalibina ya fitar da kansa daga rukunin sudo ta haka, a kwamfutar da shi kaɗai ke da izinin gudanarwa. Yaron ya yi zuru-zuru kamar zai yi kuka, aikinsa na wata guda yana ciki. Sai da muka tayar da kwamfutar ta hanyar gyara, wato yanayin da ake kunna ta don gyara matsala, kafin muka mayar da shi. Tun daga ranar nake sa su buɗe wata taga ta root su ajiye a gefe kafin su taɓa rukuni, kada a rufe ta sai an gwada shiga a wata.

Zan iya buɗe fayilolin da nano, shirin gyara rubutu, in gyara da hannu?

Za ka iya, amma ban yarda ba. Yi amfani da vipw da vigr, domin suna kulle fayil ɗin kada wani shiri ya rubuta a kai lokaci guda. Bayan ka gama, pwck da grpck za su duba maka kuskure.

Me zai hana a saka mu duka a sudo mu huta?

Kwamfuta goma ce, mutum talatin ke amfani da su. Wanda ke sudo yana iya karanta fayilolin kowa, ya goge su. Rukunin docker, na masu amfani da shirin Docker, ma haka yake, ko da yake mutane suna raina shi, don mai shi yana iya kaiwa ga ikon root. A Fedora, wani nau'in Linux, da FreeBSD, wani tsari mai kama da Linux, sunan rukunin masu iko wheel. FreeBSD tana da ƙarin fayil, /etc/ttys, inda kalmar secure a layin tasha ke ba root damar shiga kai tsaye daga nan. Idan aka mayar da ta layin console zuwa insecure, ko hanyar gyara sai ta nemi kalmar sirrin root.