Kyautar maganin yara ba ta ƙare ba: fashin baƙi kan "rabi" da ordonans

Makon jiya wata maƙwabciyarmu a nan Garin Malam ta riƙe ɗanta mai shekara 2 a ɗaka har kwana uku, jiki kamar garwashi, tana ɗura masa ƙwayoyin da ta saya hannun mai tallan magani a tire. Da uwargidana ta leƙa ta gan shi, sai ta ce, "Haba ƙanwata, me ya hana ki kai shi likita?" Ta ce, "Yaya, ai an ce kyauta ta ƙare. Yanzu kowa rabi yake biya. Ni ko rabin ba ni da shi, ga maigidan ya tafi cin rani."

A bokal ɗin WhatsApp ta ji. Ni ma an turo mini na saurara: wani ne ke magana da gadara, yana rantsuwa, wai tun da gwamnati ta rage kuɗin asibiti da rabi, to yara da masu ciki ma an maida su kan rabin. Na yi shekaru cikin kwamitin kula da likitar unguwa, wato koges, na san wannan magana ba haka take ba. Dokoki biyu ne aka dama wuri ɗaya.

Ta farko tsohuwa ce, tun zamanin Shugaba Tandja Mamadu. Kafin ita, tsarin biya-a-duba-ka ake yi, wanda ya samo asali daga taron Bamako na 1987, Nijar ta yi masa doka a 1995: kuɗin tikitin da mara lafiya ya biya da shi ake sake sayo magani. A ƙarshen 2005 aka cire kuɗin aikin fiɗa na haihuwa, a 2006 aka ƙara da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa, da kula da yara daga haihuwa zuwa shekara 5, a 2007 kuma kansar mama da ta mahaifa. Waɗannan su ne ƴan kyauta.

Ta biyu ita ce ta watan Agustan 2024, wadda majalisar ministoci ƙarƙashin Janar Abdurahamane Tiani ta zartar, ta fara aiki ranar 1 ga Satumba. Ta rage rabin kuɗin ganin likita, da kwanciya asibiti, da awon jini da makamantansa, da hoto, da aikin fiɗa, a asibitocin gwamnati. Ta soke jika 150 ɗin da masu wankin ƙoda ke zubewa kafin a fara musu. Ta kuma maida haihuwa kyauta. Da yawa sun manta cewa a dokar farko, wadda aka yi wa aiki ce kawai ba ta biya, wadda ta haihu da kanta tana biya, abin da ni dai ban taɓa gane hikimarsa ba. To rabi na wanda yake biya ne tun asali, irina da irin mai bokal. Yaron da kuɗinsa sifiri ne, rabin me za a karɓa a kansa?

Sai dai jita-jitar ba daga sama ta faɗo ba, kuma a nan ne ya kamata a tsaya. Uwar da ta je likita aka miƙo mata ordonans, wato takardar sayen magani, aka ce ta je farmasi ta sayo, ko ka karanta mata dokar sau goma, cewa za ta yi, "To ina kyautar?" Tana da gaskiyarta.

Kalmar "kyauta" a wannan doka tana nufin uwa ba za ta biya ba. Amma maganin ba ruwan sama ba ne, akwai mai biya, shi ne baitulmalin gwamnati. Yadda abin ke tafiya: majo, wato shugaban likitar, ya duba yaro, ya ba shi magani daga ɗakin ajiyar likitar, ya cika takarda. Ƙarshen wata a tara takardun a yi lissafi, a aika ofishin lafiya na gunduma, daga can su wuce Yamai, sannan kuɗi su dawo a sake cika kanta. Wato likitar bashi take ba gwamnati. In kuɗin sun dawo a kan lokaci, ba wanda zai ji komai. In sun makara, kuma sun sha makara, har bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa a faɗin ƙasa, sai kanta ta bushe. Shi ya sa aka kafa hukumar INAM domin ta riƙa tantance takardun tana biya. A Damagaram abin ya fi ciwo daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke haɗuwa da tamowa, yara su cika ko'ina daga Mirya zuwa Magarya, kuma mafi yawan waɗanda ke kan layi ƴan kyauta ne. Na sha zama da majo ƙarshen wata muna ƙirga abin da ya shigo akwati, mu ga ko kwalin amoksisilin ɗaya ba zai saya ba.

Saboda haka in maganin babu shi aka rubuta miki ordonans, ma'aikacin bai karya doka ba, kuma ba a soke kyautar ba. Alkawari ne gwamnati ta yi jinkirin cikawa. Mai farmasin kasuwa kuwa ba ruwansa da kyauta ko rabi, kuɗinsa zai karɓa cif, haka ma kilinik mai zaman kansa. Kafin ki fita, tambayi majo ko akwai wani makamancinsa a ɗakin ajiya, kuma in za ki saya ki nemi jenerik, wato maganin da ba ya ɗauke da sunan kamfani, aikinsa ɗaya da mai suna, kuɗin ne ya bambanta.

Abin da ya saɓa doka daban ne. In maganin yana nan kan kanta, yaronki bai kai shekara 5 ba, aka ce ki biya tikiti ko ki biya maganin, wannan ba daidai ba ne. Haka in wani ya ce babu a ɗakin ajiya amma akwai a jakarsa. Na taɓa gani da idona a wata likita da ba zan ambata ba: kwalbar ƙarin ruwa ta fito daga cikin jaka bayan an gama cewa ta ƙare. Maganin irin wannan abu ɗaya ne, ki ce a ba ki resi. Duk kuɗin da ya halatta a asibitin gwamnati yana da resi, mai karɓa ta bayan fage kuwa da ya ji kalmar sai ya sauya magana. In an ƙi, akwai majo, akwai ƴan koges waɗanda ƴan unguwa ne irinki, sama da su akwai babban likitan gunduma. Ban ce a shiga da faɗa ba. Mafi yawan ma'aikatan nan, musamman ungozomomi da ke kwana tsaye, su ne ke shan zagin bashin da ba su ci ba.

Batun shekaru ma yana kawo gardama. A aikace wata 59 ake ƙirgawa, ranar da yaro ya cika shekara 5 ya koma layin masu biyan rabi. Karnen yaro, wato littafinsa na asibiti, ko takardar haihuwa su ke raba wannan gardama, don haka kada a bar su ƙarƙashin katifa. A nan ina da ƙorafi na kaina: yaro mai amosanin jini ciwonsa ba ya sanin ya cika biyar. Kuma matar ƙauye da ke da tafiyar kilomita 15 kafin ta ga likita, kuɗin kabu-kabu kaɗai ya isa ya zaunar da ita gida, doka ba ta ce komai a kansa ba. Ina kuma tsoron kada ragin rabin ya ƙara busar da kanta, tun da abin da ke shiga akwati ya ragu, sai fa in gwamnati na cike gurbin a kan kari.

Duk da haka ba na cikin masu cewa dokar ta takarda ce kawai. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauka daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma an lissafa kyautar magani cikin dalilan, tare da gidan sauro da yaƙi da tamowa.

Yaron maƙwabciyar tamu dai uwargidana ce ta goya shi suka tafi a daren. Aka tsaga yatsa aka auna, masassarar sauro ce, aka ba shi maganinta nan take ba a karɓi ko dala ba. Siron sauke zafin jiki ne babu, aka rubuta ordonans, kuɗinsa bai kai jika ba, uwargidana ta biya. Shekaranjiya na gan shi ƙofar gida yana korar awaki.