"Korof" ba birus ba ne

Kalmar "korof" ta cika garin Kumasi. Daga shagunan gyaran kwamfuta na Adum har zuwa wuraren buga takardu na Aboabo da Asawase, duk abin da ya ƙi buɗewa amsarsa ɗaya ce: "Alhaji, ai ya yi korof." Kwanakin baya a wani shirin rediyo na Hausa, wata baiwar Allah ta bugo waya ta ce akwai folda a kwamfutar gidansu da ta ƙi goguwa, ta danna har ta gaji. Mai gabatarwa bai yi wata-wata ba ya ce mata, "Hajiya, birus ne ya cinye ta, shi ake kira korof. Ki kai a yi mata fomat."

Wannan cakuɗa korof da birus ita ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin fomat share faifai ne gaba ɗaya, shi ya sa take jawo wa mutane asarar hotunan aure da takardun makarantar yara ba gaira ba dalili.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Kunnenmu ya saba da jin "korofshan" a bakin 'yan siyasa duk lokacin zaɓe, kuma can ana nufin cin hanci da rashawa, wato dole akwai mai laifi. Shi ya sa da an ce folda ta yi korof, sai hankali ya tafi neman ɓarawon da ya shigo. Alhali tushen kalmar a Latin yana nufin karyewa ko lalacewa, kuma a kwamfuta iyakar ma'anarta ke nan: rubutu ya lalace, na'ura ta kasa karanta shi.

Wane rubutu? Nan ne ba a tsayawa a yi wa mutane bayani. Duk wanda ya taɓa shiga siton goro ya san abu biyu ne a ciki: huhunan goro a jibge, da littafin mai sito, inda aka rubuta huhun wane ne, guda nawa, a wane lungu. Faifan ajiya na kwamfuta haka yake. Tsarin ajiya na Windows mai suna NTFS, wanda Microsoft ya fito da shi a 1993, yana da babban littafi da ake kira MFT, kuma kowane fayil da kowace folda suna da gurbinsu a ciki, galibi mai girman bayit 1024. Folda kuwa ba akwati ba ce kamar yadda hotonta ke nunawa. Shafi ce kawai mai jerin sunaye. Idan ka ce a goge ta, Windows ba ya zuwa ya kwashe kaya, littafin yake buɗewa ya soke layi, ya rubuta cewa lungun nan ya zama fanko, kowa na iya ajiya. To, a ce ruwa ya jiƙa shafin, tawada ta narke. Ka zo ka ce wa mai sito ya soke sunanka. Idan mai amana ne zai ce, "Yaya, ban ga layinka ba, in na soke da ka, zan iya bayar da wurin kayan wani." Ƙin goguwar foldar ke nan. Ni ban ɗauke shi taurin kai ba, taka-tsantsan ne, kuma na fi son na'urar da ke tsayawa a kan wadda za ta soke a makance. A lokacin ne ake ganin lambar kuskure 0x80070570, ko kuma 0x80070091, inda kwamfuta ke cewa akwai kaya a foldar, kai kuwa ka buɗe ba ka ga komai ba.

Abin da ke jiƙa shafin mun fi kowa saninsa. Wanda ya zauna a Gana tsakanin 2012 da 2016 ba sai an fassara masa dumsor ba, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Wuta ta ɗauke kwamfutar tebur na tsakiyar rubutu, babu UPS, batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, sai layi ya tsaya a rabi. Haka nan fizge fendiraib, wato filashin USB, ana cikin kwafa saboda mai shago na sauri. Su waɗannan ƙananan ma'ajiyai ma sun fi rauni, domin tsarin ajiyar yawancinsu FAT32 ne na 1996 ko exFAT na 2006, kuma ba su da kundin da NTFS ke rubuta niyyarsa kafin ya taɓa littafi. Ga kuma jabun fendiraib masu arha, a jiki an rubuta gig 64, cikinsu bai kai ko kusa ba.

Ba kuma kowace folda mai gardama ce korof ba. Wata manhaja ce ke riƙe da ita, a kashe kwamfuta a kunna ta wuce. Wata izini ne babu. Wata sunanta da hanyarta sun zarce haruffa 260, ko sunan ya ƙare da ɗigo, ko an sa mata suna irin CON da NUL waɗanda Windows ya keɓe wa kansa.

Birus na gaske halinsa daban. Wanda aka fi kwasowa a wuraren buga takardu ɓoye foldoji yake, ya ajiye gajerun hanyoyi (shortcut) masu kama da su. Shi yana goguwa salin-alin, gobe ka tarar ya dawo.

Gyaran korof ba ya buƙatar sidi ko ɗaya. Da farko a kwashe duk abin da ke da daraja zuwa wani faifai, kafin a taɓa komai. Sannan a buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon mai gudanarwa (Run as administrator), a rubuta chkdsk E: /f, a sa harafin faifan da ke da matsalar a madadin E. Idan faifan C ne, wanda Windows ke kai, zai nemi a sake kunna kwamfutar kafin ya fara. Aikinsa bin littafin layi-layi yana daidaitawa, kuma ɓurɓushin da ya rasa mai shi yakan tara shi a folda mai suna found.000. Bayan haka, sau da yawa foldar da ta gagara tana tafiya da dannawa ɗaya. In ta ƙi, akwai rd /s /q tare da cikakkiyar hanyar foldar, sai dai a karanta abin da aka rubuta sau biyu, domin wannan umarni ba ya tambaya, kuma abin da ya ɗauke ba ya biyawa ta kwandon shara.

Abin da ya fi damuna da maganar fomat shi ne tana ɓoye ciwo. Fomat na gaggawa sabon littafi kawai yake buɗewa, bai san ko rufin siton na yoyo ba. Idan an gyara yau, mako mai zuwa wata foldar ta sake lalacewa, ko faifan ya fara ƙas-ƙas, ko kwafa ta riƙa tsayawa a wuri ɗaya, to faifan ne ke mutuwa. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa da kansa. In ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, kada a ƙara wahalar da shi da chkdsk, a kwashe kaya a ranar, a sayi sabon faifai.