Daga ƙanjamau zuwa korona: yadda annoba ke samun masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi

Ranar 5 ga Yunin 1981 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ba da rahoton samari biyar a Los Angeles, duk masu neman maza 'yan'uwansu, da suka kamu da wani ciwon huhu da ba kasafai ake gani ba. Daga nan labarin ƙanjamau ya shiga takarda. Tun kafin a raɗa wa cutar suna AIDS a 1982, an riga an laƙaba ta ga wannan rukuni, hukumomi kuwa suka yi ko-in-kula. Sai a 1985 Shugaba Reagan ya ambace ta a bainar jama'a, bayan dubbai sun riga mu gidan gaskiya. Marasa lafiyar da abokansu ne suka riƙa jinyar juna, har suka kafa ƙungiyar ACT UP a New York a 1987 don matsa lamba a gaggauta samar da magani. Haɗin magungunan da ke riƙe rai bai samu ba sai 1996.

Korona ba ta zaɓi kowa ba, amma dokar kulle ta fi cizon wasu. Matasa da yawa masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi sun koma gidajen da ake muzguna musu, masu shan maganin ƙanjamau kuma zuwa asibiti ya gagare su. A Afrilun 2020 Panama da Peru suka ware ranakun fitar maza daban da na mata, masu sauya jinsi suka riƙa shan wulaƙanci a hannun jami'an tsaro, ko a hanyar sayen magani. Peru ta soke dokar cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya faru a Koriya ta Kudu ya fi tsaya mini a rai. A watan Mayun 2020 korona ta ɓulla a gidajen rawa na unguwar Itaewon a Seoul, kafafen labarai suka yi ta yayata cewa masu neman jinsinsu ne ke zuwa can. Tsoron tonon asiri da rasa aiki ya sa da yawa suka ɓuya, suna ɗauke da cutar cikin jama'a. Da aka ba da damar gwaji ba tare da faɗin suna ba, mutane suka yi tururuwa.

Lokacin ƙyandar biri a 2022, jami'an lafiya a ƙasashe da dama sun zauna da ƙungiyoyin mutanen da abin ya fi shafa, galibi maza masu neman maza, aka kai rigakafi inda suke taruwa. Masu kamuwa suka ragu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta ayyana kan cutar a Mayun 2023.