Tambayoyi da Amsoshi: Me Ƙungiyar Lauyoyi ta Yanki ke Tsinana wa Mambobinta a Ingila?

A kusan kowane babban birni na Ingila da Wales akwai ƙungiyar lauyoyi ta yankin, wadda ke zaman kanta, da shugabanta da asusunta da kwamitocinta. Wasu daga cikinsu sun girmi ƙungiyar ƙasa da ke Landan. Ga bayani kan yadda suke aiki da abin da lauya ke samu idan ya shiga.

Wane irin lauya ne ake magana a kansa?

A Ingila aikin lauya kashi biyu ne. Akwai barista, wanda aka fi sani da tsayawa gaban alƙali a manyan kotuna, akwai kuma solisita, wanda shi ne mutum ke fara zuwa ofishinsa idan zai sayi gida, ko zai rubuta wasiyya, ko aurensa ya mutu, ko 'yan sanda sun tsare ɗansa. Solisita ne ke shirya takardu, ya riƙe kuɗin wanda yake wakilta a asusu na musamman, ya kuma nemo barista idan shari'a ta buƙaci haka. Mai karatu a Najeriya zai iya ganin rabon baƙon abu, domin a can duk wanda ya kammala makarantar horar da lauyoyi ana rantsar da shi barista kuma solisita a lokaci guda. Ƙungiyoyin da ake magana a nan na solisitoci ne tun asali, ko da yake wasu, kamar ta Birmingham, suna karɓar baristoci da masu koyon aiki.

Tun da akwai ƙungiya ta ƙasa, me ya kawo ta yanki?

Tarihi ne ya kawo ta. An kafa ƙungiyar lauyoyi ta Bristol a 1770, ta Birmingham a 1818, alhali ta ƙasa, mai hedkwata a titin Chancery Lane, sai a 1825 ta samu. Ta Liverpool ta biyo baya a 1827, kuma ta fara ne a matsayin ƙungiyar ɗakin karatu, saboda a wancan zamani littattafan rahoton shari'a suna da tsada ƙwarai, lauya ɗaya ba zai iya tara su shi kaɗai ba, sai aka yi karo-karo aka saya aka ajiye wuri guda. Yau intanet ta rage buƙatar ɗakin karatu, amma dabarar tana nan yadda take: abin da ya fi ƙarfin ofishi ɗaya, a haɗa hannu a samar wa kowa. Waɗannan ƙungiyoyi ba rassan ta Landan ba ne, kuma ba ta ba su umarni, sai dai suna tuntuɓar juna, musamman ta hannun wakilan yankuna da ke majalisar ƙungiyar ƙasa.

Shin dole ne lauya ya shiga, kuma ƙungiyar tana iya hukunta shi?

Ba dole ba ne, kuma ba ta hukunta kowa. Tun 2007 hukumar kula da aikin solisitoci, wato SRA, ce ke ba da lasisin aiki da ake sabuntawa duk shekara, ita ce ke bincike idan an zargi solisita da cin amana, manyan laifuffuka kuma akwai kotun ladabtarwa ta musamman da ke iya soke sunan mutum daga rajista. Wanda ke ƙorafi kan jinkiri ko tsadar aiki yana da ofishin sauraren koke-koke na daban. Saboda haka wanda lauyansa ya cuce shi, in ya kai kuka ƙungiyar yanki, abin da za a iya yi masa shi ne a nuna masa ƙofar da ta dace.

A ganina wannan rashin iko shi ne ya sa ƙungiyoyin ba sa barci. Lauyan da ba a tilasta masa biyan kuɗin shiga ba, idan shekara ta zagayo bai ga abin da ya ƙaru da shi ba, zai ajiye takardar sabuntawa a aljihun tebur ya manta da ita.

To, a aikin yau da kullum wane taimako take bayarwa?

Mafi girma shi ne horo. Kafin Nuwamba 2016 ƙa'ida ta wajabta wa kowane solisita sa'o'i 16 na ƙarin ilimi a shekara. An soke ƙidayar sa'o'in, aka ce kowa ya auna kansa, ya gano inda yake da rauni, ya nemi ilimin, sannan ya tabbatar wa hukuma duk shekara cewa ya yi hakan. Babban kamfani mai ɗaruruwan lauyoyi yana da sashen horo a cikin gida. Ofishin mutum uku da ke saman wani kanti a bakin kasuwa ba shi da wannan gata, kuma a nan ne ƙungiyar yanki ke shigowa da laccoci da bita masu rangwame ga mambobi, kan dokar iyali, gado, cinikin gidaje, haƙƙin ma'aikata da dokokin hana halasta kuɗin haram.

Misali ɗaya zai nuna amfanin abin. A Ingila an fi kammala cinikin gida ranar Juma'a, don mai saye ya yi ƙaura a ƙarshen mako. Da rana ta karkata, kuɗi masu yawa suna kaiwa da komowa tsakanin asusun lauyoyi, kowa na sauri kafin banki ya rufe hada-hadar ranar, mai saye kuma yana tsaye da motar kaya yana jiran mabuɗi. A daidai wannan lokaci ne 'yan damfara ke aiko da saƙon imel mai kama da na mai sayarwa, suna cewa an sauya lambar asusu. Magatakardan da bai ɗaga waya ya tabbatar ba, zai tura kuɗin gida sukutum ga ɓarawo. Irin wannan damfara har suna ta samu, ana danganta ta da yammacin Juma'a, kuma gargaɗi a kanta yana yawo ne ta wasiƙun ƙungiya da taron masu kula da bin ƙa'ida, inda wanda ya sha da ƙyar ke ba 'yan'uwansa labari.

Sai batun inshora, wanda ke hana masu ƙananan ofisoshi barci. Doka ta ce kowane ofishi ya mallaki inshorar biyan diyya idan ya yi kuskure, aƙalla ta fam miliyan 2, ko miliyan 3 idan ofishin kamfani ne mai rajista. Wanda wa'adinsa ya ƙare bai samu sabuwa ba yana da kwana 90 kacal, daga nan sai rufewa. Ƙungiya ba ta sayar da inshora, amma tana gayyato dillalai su bayyana halin da kasuwa ke ciki kafin watan Oktoba, lokacin da ofisoshi da yawa ke sabuntawa.

Muryarta tana kaiwa ga masu mulki kuwa?

Tana kaiwa, sai dai ba kullum ake aiki da ita ba. Idan ma'aikatar shari'a ko SRA ta fitar da daftarin sauyi tana neman ra'ayi, kwamitocin ƙungiya suna zama su rubuta amsa a madadin mambobi. Ƙungiyoyin Birmingham, Bristol, Leeds, Liverpool da Manchester sukan haɗa kai su biyar don maganarsu ta yi nauyi. Amma gaskiya ita ce dokar 2012 da ta zabge tallafin shari'a ga marasa galihu ta fara aiki a Afrilu 2013 duk da adawar lauyoyi, kuma kusan rabin kotunan majistare an rufe su cikin shekaru goma da suka biyo bayan 2010.

Inda tasirinta ya fi fitowa shi ne a ƙananan al'amuran gida: zama da alƙalan yankin da ma'aikatan kotu kan yadda ake jera ƙararraki, jinkirin fitar da takardun gado, ko ƙarancin lauyoyin da ke amsa kira cikin dare a ofisoshin 'yan sanda. Lauya ɗaya zai yi shakkar gaya wa alƙalin da zai tsaya gabansa gobe cewa tsarin kotunsa na wahalar da mutane. Shugaban kwamiti yana iya faɗa da sunan kowa, ba tare da an san wanda ya kawo ƙorafin ba.

Matasa masu shigowa aikin fa?

Tun 2021 hanyar zama solisita ta sauya, aka kawo jarrabawar bai-ɗaya ta SQE haɗe da shekara biyu na koyon aiki. Yawancin yankuna suna da rukunin ƙananan lauyoyi, da tsarin haɗa sabon shiga da wanda ya daɗe don ya riƙa ba shi shawara. Wannan ya fi amfanar wanda ba shi da uba ko kawu a cikin sana'ar, domin shi ne bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Idan lauya ya shiga damuwa ko ya talauce, ƙungiya na ɗaukar nauyinsa?

Galibi tana miƙa shi ne ga waɗanda aikinsu ke nan. LawCare, ƙungiyar agaji ta masu aikin shari'a wadda aka kafa a 1997, tana da layin waya na sirri ga masu fama da damuwa, shaye-shaye ko cin zarafi a wurin aiki. Akwai kuma gidauniyar agajin solisitoci da ta samo asali tun 1858, mai taimaka wa wanda ciwo ko rashin aiki ya durƙusar. Rawar ƙungiyar yanki ita ce ta sa mutum ya san da su, ta tara musu gudummawa, wani lokaci kuma abokin aiki ne zai lura cewa wane ya daina zuwa taro, ya kira shi ya ji lafiya.

Liyafar shekara da bikin ba da kyaututtuka, ba ɓata kuɗi ba ne?

Masu suka suna da hujja, domin kujera a irin wannan liyafa tana da tsada, kuma manyan kamfanoni ne suka fi cika teburori. Amma daga tikiti da masu ɗaukar nauyin biki ake samun wani kaso na kuɗin da ke sa bita ta yi araha. Ban da haka, aiki da yawa yana zuwa ne ta hanyar turawa: solisita mai harkar gidaje, idan wanda yake wakilta ya zo masa da matsalar takardun zama a ƙasa, zai tura shi ga wanda ya sani ya kuma yarda da shi, sau da yawa wanda suka taɓa zama kwamiti ɗaya ko suka taka tare a tattakin da lauyoyi ke yi duk shekara don tara wa cibiyoyin ba da shawara kyauta kuɗi.