Kwas biyu na lissafi a zango ɗaya, kuma daga gida: taura biyu za ta taunu?

Duk lokacin rajistar kwasa-kwasai sai wannan tambaya ta dawo, galibi daga ma'aikatan Abuja da 'yan kasuwa da matan aure masu karatu a buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, wato NOUN, wadda hedikwatarta ke Jabi. Jami'ar da aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin Obasanjo, an yi ta ne domin irin waɗannan mutane da ba za su iya barin aiki su zauna a aji ba. Ina koyar da lissafi da yamma, ga tambayoyin da aka fi yi mini da abin da nake amsawa.

Malam, a taƙaice dai, zai yiwu ko ba zai yiwu ba?

Zai yiwu, kuma mutane suna yi. Sai dai kafin ka tambayi ko kanka zai ɗauka, fara tambayar waɗanne biyu ne. Akwai kwas biyu da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, akwai kuma biyun da ɗaya a kan ɗaya yake tsaye. Na farkon yawan aiki ne kawai. Na biyun shi ne yake kayar da mutane, har da masu ƙwaƙwalwa.

To me ke cikin kowannensu?

A yawancin jami'o'in Najeriya, lissafin shekarar farko kashi uku ne. MTH101 aljabara ce da tirigonometiri: rukunan abubuwa, jerin lambobi, warware lissafi mai x², da kusurwoyi. MTH102 kalkulas ne, wato nazarin yadda abu yake sauyawa da yadda ake tara ƙananan gutsattsari su ba da jimla. MTH103 kuma bekto ne (adadi mai girma da alƙibla, kamar ƙarfin jan kaya) da jometiri da ɗan lissafin motsi. A al'ada 101 da 103 na zangon farko ne, 102 na zango na biyu.

Don haka haɗuwa iri biyu ake yi. Ko dai sabon ɗalibi ya ɗauki 101 da 103 tare, ko kuma wanda ya faɗi 101 ya so haɗa shi da 102 don kada abokansa su wuce shi. Na farkon ba na hana kowa, muddin yana da lokaci. Na biyun nake yi wa dogon tunani.

Me ya sa kake tsoron haɗa 101 da 102?

Saboda mafi yawan waɗanda kalkulas ya kayar, aljabara ce ta kayar da su ba su sani ba. Ga misali. A makonnin farko na 102 za a ce ka nemo inda (x² − 9) ÷ (x − 3) ya dosa idan x ya kusanci 3. Ka saka 3 kai tsaye, sai ka sami sifiri bisa sifiri, babu ma'ana. Mafita ita ce ka gane x² − 9 daidai yake da (x − 3)(x + 3), ka soke (x − 3) sama da ƙasa, ya rage x + 3, amsa ta fito 6. Sabon ra'ayin kalkulas a nan layi ɗaya ne. Sauran aikin duk na 101 ne.

Haka kuma za a koya maka cewa sauyin sin x shi ne cos x. Wannan ƙa'ida tana aiki ne kawai idan da radiyan aka auna kusurwa, wato wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, inda π yake matsayin digiri 180. Wanda bai zauna da radiyan a 101 ba zai haddace ƙa'idar, ya danna na'urar lissafi tana kan digiri, ya sami amsar da ba ta cikin zaɓi, ya ce lissafi ne ba ya shiga kansa. Alhali matsalar tana can baya.

Ko 103 ma yana aro daga 101, amma kaɗan. Idan aka ja kaya da ƙarfi 10 a kusurwar digiri 30, rabon da ya tafi sama 5 ne, wanda ya tafi gaba kusan 8.66. Sin da cos na sakandare sun isa wannan.

Na ci kiredit a WAEC, ai tushena yana da kyau ko?

Ya danganta da shekarar da ka ci da abin da ya rage a hannunka yau. Wanda ya gama sakandare shekara 10 da suka wuce yana zaman kanti a kasuwar Wuse ya ƙware a lissafin kuɗi, amma aljabara takan yi tsatsa. Ɗauki takarda da biro, ba waya, ba na'ura, ka gwada waɗannan: haɗa 1/2 da 2/3; warware x² − 5x + 6 = 0; buɗe (a + b)²; faɗi sin na digiri 30; ninka 2³ da 2⁴. Amsoshin su ne 7/6, 2 da 3, a² + 2ab + b², 1/2, da 128.

Idan cikin minti 10 ka gama ba tare da gumi ba, kana iya ɗaukar biyu. Idan ka rubuta a² + b² ka manta 2ab, ko ka haɗa 1/2 da 2/3 ka sami 3/5, ɗan'uwa, ɗauki 101 shi kaɗai. Ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Zango ɗaya da ka ba tushe zai sauƙaƙa maka duk wani kwas mai lissafi da ke gaba, ko kwamfuta kake karanta ko kimiyya.

Awa nawa zan ware a mako?

Buɗaɗɗiyar jami'ar Ingila, wadda aka kafa a 1969, tana da kwas biyu na share fage, MST124 da MST125. Kowanne maki 30 ne a ma'auninsu, wato kimanin awa 300 na karatu, kusan awa 8 zuwa 9 a mako. Namu sun fi waɗannan ƙanƙanta, amma zangonmu gajere ne, kuma ba su kaɗai ka yi rajista ba, akwai kwasa-kwasan GST, wato na gama-gari da kowane ɗalibi yake ɗauka, da na sashenka. A ganina kowane kwas na lissafi yana son awa 5 zuwa 6 a mako, biyu ke nan awa 10 zuwa 12.

Kuma ina nufin awannin da biro yake hannu. Mai fitowa daga Mararaba ko Nyanya da asuba, ya sha cunkoson hanyar Keffi safe da yamma, yakan ce zai karanta a mota. Kallon bidiyo a mota yana da amfani, amma ba ya cikin ƙidayar nan. Ido yana ruɗi: kana bin malami yana warwarewa, komai a sarari, sai an ba ka farar takarda hannu ya tsaya. Zauna ka ƙirga makonka da gaskiya, ka cire aiki, hanya, salla, iyali, bukukuwan ƙarshen mako da ba ka isa ka ƙi zuwa ba. Abin da ya rage shi ne zai yanke hukunci.

Malam, ni uwar yara ce, sai dare nake samun kaina. Yaya zan raba su?

Hajiya, kada ki haɗa su a zama ɗaya. Ba kowanne ranakunsa, misali Litinin da Laraba na 101, Talata da Alhamis na ɗayan, Asabar ki koma kan tambayoyin da suka gagare ki. Minti 45 kullum bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, ya fi awa 6 a dunƙule ranar Lahadi, domin lissafi maimaici yake so. Littafin rubutu ma ki raba, kowanne da nasa. Ki sauke littattafan kwas ɗin a waya tun farkon zango, kyauta suke a shafin jami'ar, in da hali ki buga su a takarda saboda ranar da babu wuta ko data. Manhajar GeoGebra kyauta ce, tana zana miki hoton lissafi ki gani da idonki.

TMA fa? Ai ana turo amsoshi a WhatsApp.

Ana turowa, kuma nan ne nake jin ciwo. TMA, wato aikin gwaji da ɗalibi yake yi a cikin zango kafin jarrabawa, tana da maki 30, jarrabawa 70. A karatun nesa, inda babu malamin da ke duba fuskarka ya gane ka ɓata, TMA ce kaɗai take gaya maka gaskiyar matsayinka tun da sauran lokaci. Wanda ya kwafa ya toshe wannan kafa da hannunsa. Zai shiga ɗakin jarrabawa da maki mai kyau, ya zauna gaban kwamfuta, agogo yana tafiya, ya ga tambayoyin da bai taɓa warware irinsu ba. Mai kwas biyu sau biyu zai sha wannan. Yi da kanka ko da maki zai ragu, sannan ka kai abin da ya ɓata maka ga malami ko ga abokan karatu a cibiyarku, ta Dutse-Alhaji ce ko wata.

Na riga na yi rajistar biyun, ga shi tsakiyar zango na fara nitsewa.

Je cibiyarka ka yi magana da mai ba ɗalibai shawara tun yanzu, ka ji abin da doka ta tanada, kada ka jira jadawalin jarrabawa ya fito. Idan dole ka zauna duka biyun, karkata ƙarfinka ga 101. A ma'aunin maki 5, kwas ɗin da aka faɗi sifiri yake kawowa kuma yana jan CGPA, wato matsakaicin makinka na duka kwasa-kwasai, ƙasa, don haka ɗayan ma kada ka sake shi gaba ɗaya: zaɓi babi uku ko huɗu na farko ka riƙe su sosai, ka yi TMA ɗinsa duka, ka nemi tambayoyin shekarun baya ka riƙa warware su da agogo a gabanka.