De Gaulle bai hau mulki daga fagen daga ba

Mutane da yawa sun ɗauka Charles de Gaulle shi ne babban kwamandan da ya kori Jamusawa daga Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, yana gamawa aka miƙa masa shugabancin ƙasa. Ba haka abin yake ba.

Lokacin da ya tsallaka Landan a watan Yunin 1940 don ci gaba da adawa da mamayar Jamus, birgediya janar ne kawai, muƙamin ma na wucin gadi, kuma bai taɓa wuce nan ba. Gwamnatin Faransa ta Marshal Pétain da ta miƙa wuya ga Hitler hukuncin kisa ta yanke masa a bayan idonsa. Babban makaminsa a lokacin rediyon BBC ne. Cikin yankunan da suka fara mara masa baya akwai Chadi, inda gwamna Félix Éboué ya bi shi a watan Agustan shekarar. Shi kuwa farmakin Normandy na 1944, wanda sojojin ƙawance suka kai don ƙwato Faransa daga hannun Jamus, Eisenhower na Amurka ne ya jagorance shi.

Gaskiya ne ya riƙe gwamnatin riƙon ƙwarya daga 1944, amma rikicin jam'iyyu ya ishe shi, ya ajiye aiki a Janairun 1946. Shekara goma sha biyu ya yi ba ya kan mulki, sai da yaƙin Aljeriya ya rikita Faransa a 1958 majalisa ta amince ya zama firaminista. Ko a nan akwai abin cewa, domin tsoron juyin mulkin soja ne ya tura 'yan majalisar. A Janairun 1959 ya zama shugaban ƙasa, ya sauka da kansa a 1969 bayan ya sha kaye a ƙuri'ar raba gardama.